Kolibiri: Tsuntsun da Ke Tashi da Baya, da Yunwar da Ba Ta Barinsa Ya Huta

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya da daddare ɗana ya nuna mini wani bidiyo da aka rage wa sauri, na wani ɗan mitsitsin tsuntsu da ya tsaya cak a iska a gaban fure, ya zura baki ya sha, sannan ya ja da baya ba tare da ya juya jikinsa ba, kamar wanda aka janye da zare. An rubuta cewa da Turanci hummingbird ake ce masa, Faransawa da Sifaniyawa kuma suna ce masa kolibiri, kuma wai akwai nau'insa da nauyinsa bai kai giram 2 ba. Yaron ya yi mini tambayoyi biyu da na kasa amsawa: ta yaya tsuntsu zai tashi da baya, kuma me ya sa bai taɓa ganinsa da idonsa ba? Ina roƙon masana su taimaka mini da amsar da zan ba shi.

Sai Na Gani:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tambaya ta biyu ba ta da wuya, domin a ganina mun sha ganin wannan tsuntsu, suna ne kawai aka canza masa. Ai shi ne ɗan tsuntsun nan mai ƙyalli da siririn lanƙwasasshen baki da ke bin furanni.

Malamin Kimiyya:
Ɗan'uwa, kama da wane ba ta wane ba ce. Wanda kake nufi sha-kauci ne, kuma danginsa suna Afirka da kudancin Asiya har zuwa arewacin Ostareliya. Kolibiri kuwa babu shi a daji ko'ina a duniya sai a nahiyar Amurka, tun daga Alaska a can arewa har zuwa ƙarshen kudancin Ajantina da Chile. Nau'o'insa sun haura 360, kuma mafi yawansu suna ƙasashen da tsaunukan Andis suka ratsa: Kolombiya kaɗai tana da sama da 160, Ekwado kuma sama da 130. Abin da ya sa suka yi kama shi ne sana'arsu ɗaya ce, wato shan ruwan zaƙin da ke cikin fure, don haka dukansu suka kasance ƙanana masu dogon baki. Amma idan ka lura da sha-kauci za ka ga galibi sai ya sami reshe ya dafe sannan ya sha, kuma ko ya tsaya a iska ba ya jimawa. A wajen zumunta ma ba su kusa. Dangin kolibiri na kusa su ne tsuntsayen nan masu kama da tsattsewa da ke wuni a sama, kuma kamar su, ƙafafunsa sun yi ƙanƙantar da ba ya iya tafiya a ƙasa, sai dai ya kama reshe ya ɗan matsa gefe.

Na wanda bai kai giram 2 ba kuwa, gaskiya ne Hajiya. A tsibirin Kuba yake, tsawonsa santimita 5 zuwa 6 har da baki da wutsiya, kuma shi ne mafi ƙanƙantar tsuntsu a duniya. Mafi girma a cikin nau'o'in kolibiri yana tsaunukan Andis, yana kai santimita 23, amma shi ma nauyinsa bai wuce giram 20 da 'yan kai ba.

Sai Na Gani:
Na karɓi gyara, Malam. To amma furanni ai suna ko'ina, me ya tsare shi a nahiya ɗaya?

Malamin Kimiyya:
Ba tun asali yake a tsare a can ba. A shekarar 2004 wani masanin tsoffin ƙasusuwa mai suna Gerald Mayr ya bayyana burbushin wasu ƙananan tsuntsaye da aka tono a kudancin Jamus, waɗanda suka kai kimanin shekaru miliyan 30, kuma dogon bakinsu da ƙashin fiffikensu irin na kolibiri ne. Saboda mamakin samunsu a Turai, a cikin sunan kimiyyar da ya raɗa musu har ya sa kalmar da ke nufin abin da ba a yi tsammani ba. Ke nan sun taɓa zama a Turai suka ƙare, reshen da ya isa Amurka ta Kudu shi ne ya yi albarka.

Tsohon Injiniya:
Bari in ɗauki tambayar yaron ta farko, domin ta shafi abin da na yi rayuwata ina yi. Yawancin tsuntsaye suna samun ƙarfin ɗagawa ne lokacin da suka buga fiffike ƙasa, idan za su mayar da shi sama sai su ɗan naɗe shi. Kolibiri ba ya naɗe nasa. Ƙasusuwan damtsensa gajeru ne ƙwarai, kusan dukan fiffiken hannu ne miƙaƙƙe, kuma gaɓar kafaɗarsa tana ba shi damar murɗa shi ya kife. Idan ya tsaya a iska, jikinsa yana miƙewa kusan tsaye, fiffiken yana zuwa gaba ya dawo baya, ƙarshen fiffiken yana zana lamba 8 a kwance, kuma a kowace tafiya yana tura iska ƙasa. Hajiya, ki sa yaron ya miƙa hannunsa gefe, tafin yana kallon ƙasa, ya kawo shi gaba, sannan ya juya tafin sama ya mayar da shi baya. Abin da tsuntsun ke yi ke nan, sai dai ƙananan cikinsu suna yinsa sau 50 zuwa 80 a sakan guda, kuma ƙugin da ake ji idan ya gifta daga nan yake fitowa. Tashi da baya kuwa, ɗan karkatar da wannan zanen ne kawai yadda iskar za ta tafi gaba maimakon ƙasa, kamar yadda matuƙin jirgi mai saukar ungulu yake karkatar da farfelarsa.

An daɗe ana cewa bugun gaba da na baya ƙarfinsu ɗaya, irin na ƙwari, amma awon da Douglas Warrick da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 ya nuna kimanin kashi 75 cikin 100 na ɗagawar daga bugun farko yake zuwa, 25 daga na komawa. Tsokar ƙirjin da ke wannan aiki ta kai kwata zuwa kusan sulusin nauyin jikinsa. A 2011 wani kamfanin Amurka, AeroVironment, ya nuna wani ɗan jirgi mara matuƙi mai giram 19 da aka ƙera a kan wannan tsari, kuma bayan shekaru ana aiki a kansa, mintuna kaɗan yake yi a sama batirinsa ya ƙare.

Ɗalibin Likitanci:
Baba Injiniya ya ambaci batir, kuma a nan ne ni abin ya fi ɗaure mini kai. Tsayawa a iska ita ce tashi mafi tsada, domin babu gudun da zai sa iska ta taimaka wa fiffike. An taɓa auna bugun zuciyar wani nau'i mai shuɗin maƙogwaro ya kai 1,260 a minti guda, alhali na babban mutum a zaune 60 ne zuwa 100. Ko yana hutawa a reshe yana numfashi kusan sau 250 a minti. Domin biyan wannan bashi, a wuni ɗaya yana iya shan ruwan fure da ya fi nauyin jikinsa, ƙodarsa tana ta fitar da ruwan, kuma sukarin da ke cikin jininsa bayan ya sha ya kai matakin da idan aka gani a jinin mutum sai a kwantar da shi asibiti, amma shi ba ya kamuwa da illolin ciwon sukari. Sukarin da ya sha yanzu, cikin mintuna kaɗan tsokarsa ta fara ƙona shi.

Sai Na Gani:
A nan ne fa zan tsaya, ƙanena. Idan da gaske ne yana ƙona abinci haka, kuma sai ya riƙa sha kowane 'yan mintuna, to yaya yake kwana? Dare ya fi awa goma. Sannan na taɓa karanta cewa yana ƙetare teku ba tare da ya sauka ba. Ɗaya daga cikin maganganun nan biyu dole ta zama ƙari: ko dai ba ya jin yunwar da ake faɗa, ko kuma ba ya ƙetare tekun.

Baƙuwa a Kalifoniya:
Yaya, bari in ba ka labarin abin da na gani, tunda gani ya kori ji. Shekaruna shida a nan, kuma ina rataye musu kwalbar ruwan sukari a baranda. Wata safiya cikin hunturu na fito da sassafe, sai na tarar da ɗaya a kan ƙarfen kwalbar, ya kife, kansa a ƙasa, ƙafafunsa sun damƙe ƙarfen, gashinsa ya tashi, idanunsa a rufe. Na matso har numfashina yana motsa gashin ƙirjinsa bai ko motsa ba. Na tabbata ya mutu, har na koma ciki na ɗauko tsumman da zan naɗe shi, sai maƙwabciyata, wata dattijuwa, ta hango ni ta ce kada in taɓa shi. Muka tsaya muna kallo. Da rana ta fara taɓa shi sai jikinsa ya soma rawa, irin karkarwar mai zazzaɓi, can ya buɗe ido, ya juyo ya zauna daidai, kuma kafin rabin awa ya cika ya tsoma baki ya sha, ya yi sama. Tsumman na hannuna har lokacin.

Malamin Kimiyya:
Madalla da wannan shaida, Malama. Abin da kika gani ba barci ba ne irin wanda muka sani, wata doguwar suma ce da tsuntsun ke jefa kansa a ciki idan dare ya yi sanyi ko abin da ya tara bai isa ba. Zafin jikinsa da rana yana wajen digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, amma a wannan hali sai ya bar shi ya faɗi har ya kusa daidai da iskar waje, zuciyar da ke bugawa sama da dubu ta koma wajen 50, kuma ƙarfin da yake kashewa yana iya raguwa da kusan kashi 95 cikin 100. A wani bincike da aka wallafa a 2020, an auna nau'o'i shida a tsaunukan Peru, a tudun da ya kai kimanin mita 3,800, aka sami wani baƙin nau'i da zafin jikinsa ya sauka zuwa digiri 3.26, wanda shi ne mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa a jikin tsuntsu mai rai. Karkarwar da kika gani ita ce hanyar da yake hura wutar jikinsa, tsokar ƙirji ce ke rawa tana samar da zafi. Dabarar tana da haɗari, domin wanda ke cikin wannan hali ba ya iya guje wa maciji ko wani abin da ya zo cinsa, shi ya sa ba kowane dare yake shiga ba.

Ɗalibin Likitanci:
Saura maganar teku, kuma ita ma gaskiya ce, Yaya. Nau'in nan mai jan maƙogwaro da ke hayayyafa a gabashin Amurka da Kanada yana yin hunturu a Meziko da Amurka ta Tsakiya, kuma da yawa daga cikinsu suna yanke Tekun Meziko kai tsaye, tafiyar kimanin kilomita 800. Ba da sukari yake wannan tafiya ba, da kitse ne. Kafin ƙaura yana ci fiye da ƙima, hantarsa tana mayar da sukarin kitse, har tsuntsun da ke giram 3 ya kusa giram 6. Giram ɗaya na kitse ya ninka giram ɗaya na sukari ƙarfi fiye da sau biyu, kuma tashi a miƙe bai kai tsayawa a iska cin ƙarfi ba. Don haka maganganun biyu ba su ci karo ba.

Tsohon Injiniya:
Lissafin ma ya fita. Idan yana yin kilomita 40 zuwa 45 a awa, kilomita 800 za su ci masa kimanin awa 20, wanda ya dace da abin da ake faɗa. Wani nau'i mai launin jan ƙasa ma ya fi shi nisa, daga Alaska zuwa Meziko, kusan kilomita 6,000, sai dai shi ta tudu yake bi yana yada zango. Tsohuwar tatsuniyar da ke cewa a bayan dinya suke hawa ba ta da tushe. Lokacin ƙaurarsu da hanyarsu ma ba ɗaya ba ne. Tunda muna maganar sha, in ƙara da cewa harshensa yana jan ruwan furen ne kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ta wasu siraran kwaruruka biyu.

Malamin Kimiyya:
Injiniya, a yi mini afuwa, nan kam zan saɓa maka, ko da yake abin da ka faɗa shi ne abin da littattafai suka koyar fiye da shekara ɗari, ni ma haka na koyar da shi. A 2011 Alejandro Rico-Guevara, ɗan ƙasar Kolombiya, da Margaret Rubega ta Jami'ar Connecticut suka ƙera furanni masu gani-har-hanji, suka ɗauki hoton harshen da kyamara mai tsananin sauri. Sai suka ga cewa harshen, wanda ƙarshensa a rabe yake biyu, yana fita daga baki a matse, da ya taɓa ruwan sai rassan biyu su ware, wasu ƙananan geza da ke gefensu su buɗe, idan kuma yana komawa sai gezar ta naɗe ta rufe ruwan a ciki. Wato tarko ne, ba lagwani ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sun gwada da harshen matattun tsuntsaye, ya yi daidai wannan aiki, ma'ana tsarin harshen ne ke yi, ba ƙoƙarin tsuntsun ba. Yana wannan lasa sama da sau 10 a sakan, kuma jan lagwani ya yi jinkirin da ba zai cika harshen a wannan ɗan lokaci ba.

Tsohon Injiniya:
Na sallama, Malam. Da na yi lissafin saurin tun farko, da na gane cewa lagwani ba zai kai ba.

Uwar Biyu:
Allah ya saka muku da alheri, na karanta wa yaron komai. Ni dai tausayinsa ya kama ni, ɗan tsuntsu mai laushin hali haka yana fama da yunwa dare da rana.

Baƙuwa a Kalifoniya:
Hajiya, laushin hali kuma? Ban taɓa ganin mafaɗaci irinsa ba. Akwai wani namiji da ya mallake kwalbata. Ba ya nisa, yana zaune a kan wani busasshen reshe yana gadi, kuma duk wanda ya doso, ɗan'uwansa ne ko ƙudan zuma ko tsuntsun da ya ninka shi sau goma, sai ya taso masa yana tsiwa. Sai da na rataye kwalba ta biyu a bayan gida inda ba ya hango ta sannan sauran suka samu. Maƙogwaronsa kuma abin kallo ne: idan ya ba ka gefe baƙi ne ƙirin, da ya juyo sai ya kama da wani ja mai walƙiya kamar an kunna fitila. Lokacin neman mace yakan hau sama har ya kusa ɓace mini, sannan ya sulmiyo, a ƙarshen faɗowar sai a ji wata ƙara mai kaifi, tsit, kamar an busa usur.

Malamin Kimiyya:
Wannan ƙara ba daga bakinsa take fita ba. Christopher Clark ya nuna a 2008 cewa gashin gefen wutsiyarsa ne ke kaɗawa idan ya baza ta a ƙarshen faɗowar, kuma a 2009 ya auna gudun ya kai tsawon jikin tsuntsun sau 385 a sakan guda. Launin maƙogwaron ma ba rini ba ne. Wasu siraran faifai ne masu kumfar iska jere a cikin gashin, suna mayar da haske ta fuska ɗaya kawai. Faɗan kuwa daga yunwar da muke magana yake tasowa, domin furen da wani ya shanye sai ya ɗauki lokaci kafin ya sake tarawa. A dazukan Kosta Rika an ga mazan wani nau'i mai dogon baki suna sukar juna a maƙogwaro, kuma tsinin bakin manyan mazan ya fi na mata kaifi. Mutanen Aztek na tsohuwar Meziko sun san halinsa sarai: sunan abin bautarsu na yaƙi, Huitzilopochtli, daga sunan wannan tsuntsu aka samo shi, kuma sun yi imani cewa mayaƙan da suka mutu a fagen fama suna dawowa a siffarsa.

Yunwar ce kuma ta kaifafa masa tunani. A wani gwaji da aka wallafa a 2006, an jera wa na daji furannin roba takwas a tsaunukan Kanada, huɗu ana sake cika su bayan minti 10, huɗu bayan minti 20, sai tsuntsayen suka koyi komawa ga kowane rukuni daidai lokacinsa.

Sai Na Gani:
To Malama, ba cutar da su kike yi ba da kike ba su sukari zalla? Wace halitta ce za ta gina tsoka da gashi da ruwan zaƙi kaɗai?

Baƙuwa a Kalifoniya:
Babu ita, Yaya, kuma shi ma ba da shi kaɗai yake rayuwa ba. Yana cafke ƙananan ƙwari a iska, yana tsince gizo-gizo daga saƙarsu, daga nan yake samun abin gina jiki. Ruwan da nake ba su awo ɗaya ne na farin sukari cikin awo huɗu na ruwa, wanda ya yi kusa da zaƙin furannin da suke sha, ba a sa zuma domin tana saurin lalacewa ta haifar da fumfuna, ba a kuma sa jan kala. Wanke kwalbar duk bayan kwana biyu ko uku shi ne babban aikin, musamman lokacin zafi.

Hajiya, ga abin da zai ƙara miki tausayi, amma na macen. Bara wata ta yi sheƙa a reshen da ke daf da tagar ɗakina. Faɗinta bai wuce bakin ƙaramin kofin shayi ba, ta gina ta da audugar tsirrai, ta ɗaure da yanar gizo-gizo, ta lilliƙa gansakuka a baya har ba ka bambanta ta da kullin reshe. Ƙwai biyu ta saka, farare, kowanne kamar ƙwayar wake. Ita kaɗai ta yi ginin, ita kaɗai ta yi kwanci fiye da mako biyu, ita kaɗai ta ciyar. Namijin ko leƙowa bai yi ba. Idan za ta ba su abinci tana zura dogon bakin nan har cikin maƙoshinsu tana sama da ƙasa, ranar farko sai da na kau da kai. Da 'ya'yan suka girma sheƙar ta riƙa miƙewa tare da su saboda yanar, kuma bayan kimanin mako uku suka tashi.

Uwar Biyu:
Ikon Allah. Yaron ya sake dawowa da wata tambayar, domin ya ga hoton wani da bakinsa ya fi jikinsa tsawo, yana so ya san ko haɗa hoton aka yi, in kuma gaskiya ne, yaya yake gyara gashinsa.

Malamin Kimiyya:
Ba haɗi ba ne, Hajiya. Yana tsaunukan Andis, daga Benezuwela zuwa Bolibiya, bakinsa yana kai santimita 10, kuma in aka cire wutsiya ya fi sauran jikin tsawo. Yana shan wasu furanni masu dogon bututu da ke rataye suna kallon ƙasa, waɗanda sauran tsuntsaye ba sa kaiwa ƙarshensu, shi kuma yana ɗaukar musu garin fure daga wannan zuwa wancan. Idan ya sauka a reshe yana ɗaga bakin sama domin ya rage wa wuyansa nauyi. Gashinsa kuwa, tunda bakin ya wuce inda zai iya juyo da shi, ki faɗa wa yaron da ƙafa yake sosawa yana gyarawa.